Kwana Bakwai Bayan Ƙarin Ruwa

Shekara 19 ina koyar da ilimin halittu a lise a nan Maraɗi, kuma babu ranar da yara suka fi so irin wadda nake fito da madubin ƙara girma daga kabad. Kowa ya wanke hannu, ya kankaro cikin kumatunsa da tsinke mai tsabta, ya shafa a gilashi, mu ɗiga shuɗin metilen, mu leƙa. Sai ka ga wasu abubuwa fala-fala kamar ɓawon albasa, kowanne da ɗigo mai duhu a tsakiya. Kullum akwai wanda zai ɗago kai ya ce, "Madam, yanzu wannan daga jikina ya fito?" In ce masa daga jikinka, kuma nan da sati biyu duk waɗanda ke bakinka yau sun zube, wasu sun maye gurbinsu. Na faɗi maganar nan ta fi sau ɗari, kamar yadda ake faɗin abin da ke cikin littafi.

Ba zan tsaya kan yadda aka gano kansar nono gare ni ba, ko aikin da aka yi mini. Wannan zancen wata rana ne. Abin da ya biyo baya shi ne shimiyo, wato ƙarin ruwan maganin kansar, zagaye 6, kowane kwana 21, a Yamai. Duk wanda ya taɓa bin hanyar ya san ta: ka shiga mota da asuba, Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, sama da kilomita 600, ka sauka ƙafafu a kumbure. Gidan ƙanwar maigidana nake sauka. Washegari a auna jini, in ya yi kyau a ɗaura ruwa. Magani uku ake haɗa mini: akwai ja, dokzorubisin, mai sa fitsari ya yi ja har mutum ya tsorata; akwai siklofosfamid; sai na ukun da kowa ke kira da lambarsa, 5-FU. In na huta kwana ɗaya sai in kamo hanyar gida, don ni jinya a gidan mutane ba ta yi mini.

An yi mini bayanin amai. An yi mini bayanin gashi, har na riga na sa an rage mini shi. Zancen ciwon baki kuwa, in an yi shi, kunnena bai riƙe ba. Ranar da ake lissafa maka abubuwan da za su same ka, daga na uku ka daina ji.

Kwana ukun farko na amai ne, da wani ɗanɗano kamar na tsotsi tsohuwar dala. Na huɗu na ji sauƙi, har na leƙa gidan suna a maƙwabta, na dawo ina cewa ashe abin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Na biyar da safe maigidan ya miƙo mini shayi, na kurɓa na ajiye, na ce wa ya zuba barkono a ciki. Ya ɗanɗana, ya dube ni, bai ce komai ba. Na shida cikin leɓena ya yi ja yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Na bakwai na ɗauki tocila da madubi na shiga ɗaki na turo ƙofa.

Abin da na gani har yau ina iya zana shi a allo. Cikin kumatun dama, daidai inda wani mataunina da ya taɓa gutsirewa ke gogawa, ga gyambo kamar faɗin ƙwayar wake, wani farin yaɗi mai ruwan ɗorawa ya lulluɓe shi, gefensa ja wur. Biyu a cikin leɓen ƙasa. Gefen harshe ya saɓule ta dama da hagu. Ƙarƙashin harshe, wurin da ban taɓa tuna akwai shi ba, ya tsage. Amma dasashi lafiya lau, ganɗa lafiya lau, saman harshe ma ba abin da ya same shi. Ko a cikin wannan hali malamar da ke cikina ta lura: inda fatar take da kauri da tauri ya tsira, wurare masu laushi ne suka ci wuta.

Inna ta zo daga Tibiri tun zagayen farko don ta zauna da ni. Ta leƙa, ta ce zafi ne ya taso daga ciki, ta aiki yaro ya sayo bagaruwa, ta daka ta jiƙa. Da ita ta yi mana maganin ciwon baki muna yara, ni kuwa ba ni da bakin musu, ba ni ma da bakin komai. Na kurkura. Nan take na ji wurin ya ɗaure kamar an ja zare, na ce to ga sauƙi. Bayan rabin awa ya bushe ya dare, hawaye na zuba ba tare da na yi niyyar kuka ba. Bagaruwar nan ita ce majema ke jeme fatar jar akuya da ita, fatar da ta riga ta mutu, tawa kuwa da sauran rai a jikinta. Ban faɗa wa Inna haka ba. Na ce mata likita ya hana. Ta ce to, ta zubar, amma ta yi kwana biyu tana amsa mini magana a taƙaice.

Tuwo ya fita daga lissafi. Fura, wadda na ɗauka ita ce mafaka, ta ci amanata, don ta kasuwa da citta da kanumfari da barkono ake kirɓa ta, tsamin nonon kuma kamar reza. Sai da Inna ta kirɓa mini tawa daban, gero zalla, a dama da madara ruwa-ruwa a tace. Kunun gyaɗa ba tsamiya. Miyar kuɓewa ba yaji, don yauƙinta na taimakon haɗiya. Komai sai ya huce sarai, in sa tsinken shan lemo can gefe guda in zuƙa a hankali. Yawu ya yi kauri yana ja, ga gwangwanina kusa da katifa. Da magana ta gagara sai na karɓi allon makarantar ƙaramar 'yata da guntun alli. Matar da ke cika aji mai yara tamanin da murya ta koma rubuta "ruwa" tana ɗagawa.

Daren kwana na goma jikina ya yi zafi, ma'auni ya wuce 38. A Maraɗi in jiki ya yi zafi kowa ya san sunan abin, masassarar sauro ce, maigidan har ya ɗauki makullin babur zai nufi farmasi. Allah ya taimake ni takardar da aka ba ni a Yamai tana manne bayan ƙofa, an ja layi biyu ƙarƙashin jimla ɗaya: in zafin jiki ya kai 38 a tafi asibiti, ko da tsakar dare ne. Na nuna masa da yatsa. Tsakanin kwana na 10 da na 14 ne fararen ƙwayoyin jini ke faɗuwa warwas, kuma daidai lokacin baki na buɗe da gyambuna. Ƙwayoyin cutar da ke zaune bakin kowa ba su damun kowa sai su sami ƙofa zuwa jini, babu mai gadi. Kwana uku na yi a kwance ana ɗura mini magani ta jijiya.

Likitan da ya duba ni tambaya biyu ya yi: kina iya cin abu mai tauri? Na kaɗa kai. Kina iya shan ruwa-ruwa? Na gyaɗa. Ya rubuta 3. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ke nan, daga 0 zuwa 4, kuma da abinci ake auna shi: 1 ja da zogi, 2 gyambo amma ana iya taunawa, 3 sai ruwa-ruwa, 4 ko ruwa ba ya wucewa. Na ji daɗin ma'aunin nan, don bai tambaye ni yawan zafin da nake ji ba, abin da ba shi da lamba.

A rana ta biyu wani saurayi cikin farar riga ya tsaya ƙafar gado ya ce, "Madam, ba ki gane ni ba?" Ɗalibina ne na da, ɗan bencin baya, yanzu yana karatun likita a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ya zo koyon aiki. Kunya ta kama ni, ga kai ba gashi, ga gwangwani. Shi kuwa ya durƙusa ya gaishe ni kamar a bakin aji. Na jawo allo na rubuta tambayar da ta hana ni barci: me ya sa sai kwana bakwai, bayan maganin ya fita jikina tun tuni?

Ya yi murmushi ya ce, "Madam, rabin amsar ke kika koya mana."

Haka ne kuwa. Fatar cikin baki hawa-hawa ce. Can ƙasa akwai ƙwayoyin da aikinsu rabuwa, ɗaya ta zama biyu. Waɗanda aka haifa su yi ta turo na samansu, suna faɗaɗa suna sirancewa, har su iso fili su zube cikin yawu. Su ne yarana ke kankarowa. Tafiyar daga ƙasa zuwa sama sati ɗaya ce zuwa biyu, ta fi ta fatar jiki sauri. Shimiyo kuwa duk ƙwayar da ke rabuwa yake nema, bai bambanta ta kansar da ta baki ba. 5-FU yana hana ƙwaya ƙera ɗaya daga cikin tubalan ADN, sinadarin gado da ke cikin ƙwaya, wanda 'yan'uwanmu na Najeriya ke cewa DNA, sai ta tsaya tsakiyar aiki. To ranar da aka ɗaura ruwan an riga an yi ɓarnar a ƙasa, amma na sama suna nan, baki na kama da lafiyayye. Da harshen aikina na gane abin. In aka daina ɗaukar 'yan aji ɗaya a makaranta, ranar ba wanda zai ga canji, tsakar makaranta cike take da hayaniya. Sai manya sun yi ta fita babu masu bin bayansu, sannan a wayi gari ajujuwa wayam. Ranar da na je suna ina murna, an riga an rufe ɗaukar yara.

Ɗaya rabin amsar shi ne ya tsaya mini a rai. Ya ce da yawa daga ƙwayoyin nan ba fashewa suke yi don guba ba, su ke kashe kansu. Na san kalmar, afoftosis, na ma taɓa rubuta ta a allo. Wasu masana uku, Kerr da Wyllie da Currie, suka raɗa ta a 1972 a Abadin ta ƙasar Sikotilan, daga kalmar Girkanci mai nufin zubar ganye daga itace. Ni gawo nake tunawa, mai kaɗe ganyensa da damina, ba fari ba cuta, lokacinsa ne ya yi. Da irin wannan mutuwa ake raba yatsun jariri a ciki: ƙwayoyin da ke tsakanin yatsa da yatsa su janye, hannu ya fito. A cikin ƙwaya akwai wani sinadari mai gadi, p53, da ke duba ADN. In ɓarnar ƙarama ce ya tsayar da aiki a gyara. In ta yi yawa ya ba da umarni, wasu sinadarai masu aikin almakashi su yayyanka kayan cikin ƙwayar, ta tsuke, ta ƙulle kanta ƙunshi-ƙunshi, maƙwabta su haɗiye. A lokacin lafiya wannan rahama ce, don ƙwayar da ta lalace ta ƙi mutuwa ita ce ke zama kansa. A lokacin shimiyo kuwa dubbai ne ke karɓar umarnin rana ɗaya.

Kuma abin bai tsaya kan fatar sama ba. Wani likitan haƙori ɗan Amurka, Stephen Sonis, ya nuna cewa naman da ke ƙarƙashinta, da ƙananan jijiyoyin jininsa, shi ma yana shan duka tun ranar farko. Ƙwayoyin da suka ji rauni su saki sinadaran kumburi irin su TNF, waɗannan su sa wasu ƙwayoyin su mutu, su ma su saki nasu. Kamar kururuwar gobara a kasuwa, wadda turmutsutsunta kan fi wutar ɓarna. Duk wannan na gudana baki na rufe. Gyambon da na gani da tocila ƙarshen labari ne.

Bayan an sallame ni yaron nan ya dinga turo mini takardu ta WhatsApp, ni kuwa ba ni da aikin yi sai kwanciya, na karanta su kamar mai shirin jarrabawa. A nan na gamu da maganar da ta canza mini yadda nake kallon bakina. A 1992 wani masani a Landan, Martin Raff, ya kawo ra'ayin cewa kusan kowace ƙwaya a jikinmu a shirye take ta kashe kanta, almakashin na nan ajiye, abin da ke hana ta kawai shi ne saƙon da take samu daga maƙwabta. In saƙon ya yanke, ko ba wanda ya taɓa ta, sai ta tafi. Waɗannan saƙonni su ake kira sinadaran haɓaka. Ƙananan furotin ne da wata ƙwaya ke saki, su je su zauna kan wata makarɓa a jikin wata ƙwayar, kamar makulli da kwaɗonsa. Ni da a aji cewa nake aikinsu su sa ƙwaya ta rabu ta yi yawa. Ashe kafin su ce mata ta haihu, sai sun fara ce mata ta zauna. Na tuna wata tsohuwa a layinmu da ba ta da kowa, wadda kowace safiya sai matan layi sun leƙa sun ce "Iya, an tashi lafiya?" Ban taɓa ɗaukar gaisuwar nan a bakin komai ba.

Sinadarin haɓaka na farko da aka gano mai aiki kan fata, daga yawu ya fito. Stanley Cohen, a Amurka, yana yi wa jariran ɓeraye allurar ruwan da ya tato daga ƙullutun yawun manyan ɓeraye, sai ya ga idanunsu na buɗewa da wuri, haƙoransu na fitowa kafin lokaci. A 1962 ya ware sinadarin, shi ne EGF, kuma a 1986 aka ba shi kyautar Nobel tare da Rita Levi-Montalcini 'yar Italiya. Yawunmu ma yana ɗauke da shi. Duk wanda kunu ya taɓa ƙona wa baki ya san kwana biyu uku ne ya manta, amma ƙunar da ta kai haka a hannu sai ta yi sati tana nan, ta bar tabo. Akuya in ta ji ciwo lasa take. Yawu na cikin dalilan. A bencin jira a Yamai na saba da wani dattijo daga Damagaram da ake gasa wa wuya da haske, abin da sai a 2021 aka fara yi a ƙasar nan. Hasken ya taɓa masa ƙullutun yawu, kullum da gorar ruwa a hannunsa, yana kurɓa kafin kowace jimla. Shi nasa ya fi nawa, don ni ana ba ni hutun sati uku, shi kuwa kwana biyar a kowane sati ake yi masa, ga kuma yawun da zai taimaka ya ƙafe.

Sinadarin haɓaka na biyu shi ya sa na tashi zaune. Sunansa KGF, an gano shi a 1989 a cibiyar binciken kansa ta Amurka. Naman ƙarƙashi ne ke yin sa, fatar sama ce ke da makarɓarsa, wato magana ce tsakanin hawa biyu na gida ɗaya. In ya isa, ƙwayoyin ƙasa su yawaita, fatar ta yi kauri, sinadaran da ke riƙe hannun almakashi su ƙaru, ƙwaya ta fi jure ɓarna. Kamfanin Amgen ya ƙera shi ya zama allura, falifarmin, aka sa masa sunan kasuwa Kepivance, Amurka ta amince da shi a Disamban 2004. A gwajin da aka yi kan mutum 212 masu kansar jini da za a yi wa dashen ɓargo, waɗanda ba su sami maganin ba 98 cikin 100 bakinsu ya kai mataki na 3 ko na 4, waɗanda suka samu 63 cikin 100. Mataki na 4 kuwa, wanda ko ruwa ba ya wucewa, ya sauko daga 62 zuwa 20. Masu karɓarsa har kukan harshe ya yi musu kauri suke. Na ce a raina, kauri ai shi nake nema.

Da ɗalibin nan nawa ya zo gaishe ni gida, lokacin na fara iya raɗa, na ce masa, "Ɗana, a nemo mini shi. Ko filina na hanyar Dan Isa zan sayar."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Madam, ko kyauta aka kawo shi, ba na jin za a yi miki."

Ya bi da ni a hankali, yadda nake bi da su in sun kawo amsar da ta kusa daidai. Waɗanda aka amince a yi wa masu kansar jini ne, kuma ƙwayoyin jini ba su da makarɓar KGF, saƙon zai wuce su ya tafi baki. Kansar nono kuwa daga ƙwayoyin shimfiɗa take tasowa, dangin na cikin baki, kuma irinsu na iya jin wannan kira. Ana kashe kuɗi da wahala ana ce wa ƙwayar kansa ta mutu, ba a son a aika da mai ce mata ta zauna. Ya tuna mini da takardar gwajin tsokar da aka cire mini, inda aka rubuta HER2. Ita ma makarɓar sinadarin haɓaka ce, 'yar gida ɗaya da ta EGF, kuma kusan ɗaya cikin biyar na masu kansar nono ƙwayoyinsu cike suke da ita, suna jin "ki zauna, ki haihu" ko ba wanda ya faɗa. Su har magani ake ba su na toshe kunnen. Sannan ga lokaci: ana yin allurar kwana uku kafin shimiyo da kwana uku bayansa, amma ba a haɗa su cikin awa 24, don in ka tayar da ƙwayoyi suna rabuwa daidai lokacin da guba ke yawo ka miƙa su ga mahauci.

Na yi shiru. Haushi na ji, ba na yaron ba, na yadda abin yake. Ga kalmar da bakina ke jira, an san ta, an ɗura ta a kwalba, amma maƙiyina na zaune ɗaki ɗaya yana saurare.

Duk da haka da na koma Yamai na tambayi likitana. Ya ce, "Madam an yi karatu. Mu nan ƙanƙara gare mu." Na ɗauka wasa yake.

Dabarar mai sauƙi ce har ta ba ni kunya. 5-FU in an tura shi jijiya lokaci guda ba ya daɗewa a jini, cikin minti 10 zuwa 20 rabinsa ya tafi. In ka cika baki da ƙanƙara minti biyar kafin a tura shi, ka ci gaba har minti 30, sanyi zai tsuke jijiyoyin jinin baki, maganin da zai isa wurin ya ragu, kafin su saki ya wuce. A asibitin Mayo na Amurka aka gwada wannan tun 1991. Ba kowane shimiyo take yi wa ba, masu karɓar okzaliflatin ma hana su abu mai sanyi ake yi, don haka sai an tambaya. Tun da ba za a iya lallashin ƙwayoyina su zauna ba, sai a hana mai kisan ganin hanya.

Zagaye na biyu ya faɗo cikin Disamba, hunturu na kaɗawa. Ƙanwar maigidana ta daskarar da ruwan leda, ta farfasa a turmi, ta ɗauraye gutsattsarin don kaifinsu ya mutu, ta cika mini kula. Ga ni cikin rigar sanyi da mayafi biyu, hannu ɗaya da allura, ɗayan da cokali, ina juya ƙanƙara daga kumatu zuwa kumatu, haƙora na kaɗawa, kai na sarawa. Minti goman farko azaba ce, daga nan baki ya mutu ka daina jin komai. Matan da ke sauran kujerun suna kallona, wata ta ce a hankali ciwon ya fara taɓa mata kai. A zagaye na huɗu mu uku ke cin kula ɗaya, da izinin malamar asibiti, har da wata Bazabarma da ba ma jin yaren juna. In ta ga na shigo sai ta nuna kumatunta ta ɗaga mini babban yatsa.

Sauran aikin a gida yake, kuma ba shi da wani armashi. A sati na uku, da jini ya farfaɗo, likitan haƙori ya goge mini kaifin mataunin nan. Na ajiye asuwaki, na koma buroshin yara mai laushi. Kowace safiya Inna ta tafasa ruwa lita ɗaya, ya huce, a zuba ƙaramin cokali na gishiri da ƙaramin cokali na bikarbonat ɗin farmasi. Ta so ta sa kanwa, ta ce ai duk ɗaya ne, na ce a'a, kanwa ta fi kaifi, ga ƙasa a cikinta. Wannan karon ba ta yi fushi ba, don aikin ya dawo hannunta. An ce in dinga kurkurawa sau da yawa a rana, ni kuwa mantuwa gare ni, sai na ɗaura shi a kan salla: duk alwala, in na gama, in bi da ruwan gishiri, sannan bayan kowane abinci. Ruwan wanke baki na kanti mai barasa a ciki na ba maigidan. Leɓe man kaɗe. Zuma cokali ɗaya da dare, likita ya ce ba laifi, ko da yake waɗanda ake gasa wa kai da wuya ne aka fi ganin amfaninta a kansu. A zagaye na uku wani fari ya fito mai kama da gutsattsarin kindirmo, wanda in an goge yana fita, aka ce wannan naman gwari ne ya sami sarari, aka ba ni nistatin.

Ina da kaye da nake rubuta matakin kowane zagaye: 3, 2, 2, 1, 2, 2. Ban sake kwanciya asibiti ba. Matan unguwa sun ce ƙanƙara ce, Inna ta ce ruwan gishirinta ne. Ni dai na san bayan zagayen farko likita ya rage mini awon 5-FU kaɗan, ga haƙorin da aka goge, kuma duk ɗalibin da ya canza abu huɗu a gwaji ɗaya ya zo yana ce mini ga wanda ya yi aiki, sifiri zan ba shi.

Abin da na fi so in kalla shi ne kwana na 14 zuwa na 17. Kowace safiya bayan salla in shiga ɗaki da tocila. Gefen gyambon da ke ja wur sai ya fara komawa ruwan hoda. Washegari ka ga wani siririn baki mai sheƙi ya kewaye shi, kamar yadda ciyawa ke fara cin bakin tabki in ruwa ya ja baya. Farin yaɗin ya tsuke, ƙwayar wake ta koma ƙwayar dawa, ta koma ta gero. Yanzu na san me nake kallo. In nama ya ji rauni, hawan ƙasa na ninka KGF ɗin da yake yi ninki-ninki, yawu na kawo nasa EGF, ƙwayoyin da suka tsira a bakin ramin su rarrafo su rufe shi, sannan su hau rabuwa. Maganin da na so in sayar da fili a kansa, jikina na yin nasa, daidai wurin da ake bukata, a lokacin da gubar ta wuce. Kwana na 18 in ci tuwo. Na 20 in shiga motar Yamai.

Zagaye na ƙarshe ya zo da farkon zafi, shi ne kaɗai ranar da na sha ƙanƙarar da marmari. Sati uku bayansa maigidan ya shigo da kilishi a takarda, ya ajiye bai ce komai ba. Na gutsiri kamar faɗin farce. Ya yi yaji, yajin barkono na gaskiya, na ƙara.

Da aka koma makaranta a Oktoba na karɓi ajujuwana. Ranar madubi tsinkayen ba su isa ba, na ce a yi bibbiyu, ni kuma na wanke hannu na kankaro nawa daga kumatun dama, na shafa, na ɗiga shuɗi, na daidaita. Suna nan fala-fala, kowacce da ɗigonta, wasu sun hau kan wasu. Na daɗe ban ɗago ba, har wata yarinya a bencin gaba ta ce, "Madam, ko ba su fito ba ne?"

Na ce sun fito, ku yi layi.